Yadda Za Ki Saka Gwaggonki a Littafi Ki Kwana Lafiya

Ke da kika gama karatu, kika dawo gida da takardar shaida a cikin leda, kika ce littafi za ki rubuta aka kwashe da dariya, matso kusa. Ga hanya tabbatacciya da za ki tsara mutanen labarinki, ki san wa ya haifi wa, wa ke son wa, wa ke sauya hanya in ya hango wa. Ba nan kaɗai ba, za ki kwashe halayen danginki kaf ki zuba a ciki, ko mutum ɗaya bai gane kansa ba. Sakamako tabbas ne. An gwada hanyar a kan wata budurwa da 'yan gidansu ke kira Auta, kuma ga ta nan da ranta, tana cin abinci, tana amsa gaisuwa.

Mataki na 1: Nemi wurin zama, ko da na sharaɗi ne

Littafi ba ya rubutuwa a tsaye. Ba ya kuma rubutuwa a ɗakin da kike kwana da yayarki, da akwatunan mahaifiyarku, da 'ya'yan baƙin da suka zo kwana biyu tun bara. Auta ta gwada. Duk sanda ta ɗauki biro sai a tuna ba a wanke tukunya ba.

Don haka ta shirya ta tafi wurin Gwaggo, yayar babanta, mai shagon ɗinki a bakin babban titi. A can ƙuryar shagon, bayan kekuna, kusa da inda mata ke gwada kaya, akwai wani tebur da aka tokare ƙafarsa da kwali. Taga a samansa, soket a gefensa. Wadda ba ta taɓa neman wurin rubutu ba ba za ta gane darajar wannan ba.

"Gwaggo, teburin can nake so. Littafi zan rubuta."

Gwaggo ta ja tsaki, ta tura gilashinta kan goshi, ta ƙare mata kallo daga ɗankwali har takalmi.

"Ni dai ba ruwana," in ji ta. A bakin Gwaggo, ma'anar wannan ita ce yanzu ruwanta ya fara. "Amma shekara da shekaru ana jigilarki makaranta, ashe tatsuniya suka koya miki? Je ki ɗauka. Da safe ki yi mini kalmasa da maɓalli, da rana ki zauna ki yi ƙaryarki. Sharaɗina ɗaya ne. Kada in ji ƙamshin wani ɗan gidanmu a cikin abin nan. Ranar da na ji, ke da teburin a bakin kwata za ku haɗu."

"To, Gwaggo."

Haddace wannan amsa. Ki faɗe ta kina kallon ƙasa, a ranki kuma ki fara auna a wane babi za ki saka mai maganar.

Mataki na 2: Manta da takarda

A shagon ɗinki takarda ba ta da mutunci. Zana bishiyar dangin jarumarki da safe, kafin rana ta take an yanke ta an fitar da samfurin hannun riga. Wadda ta tsira kuma Yaya, wato yayarki da ke kan keke na biyu, za ta ɗauka ta karanta wa jama'a da muryar mai labaran rediyo.

Abin da aka ɗinke shi kaɗai ake jin nauyin taɓawa. Saboda haka nemi tsohon labule ki kafa a bango, saman teburinki. Ɗauko gwangwanin nan da ake zuba maɓallan da suka rasa 'yan'uwansu. Kowane maɓalli mutum ne. Ɗinke shi a jikin labulen, sannan ki ɗaura zare a wuyansa, ki ja ki naɗe a wuyan wanda suke da alaƙa. Daga wanda ya fara abin zaren zai tashi, kada ki manta, don wanda ya fara so da wanda aka so ba ɗaya ba ne.

Fari na jini ne: uwa da ɗa, wa da ƙane. Kore na ƙauna. Ja na gaba. Ruwan toka na waɗanda ke gaisawa da haƙora kawai. Wanda ya mutu ki ɗinka masa baƙin zare a gicciye, ki yi masa addu'a, ki wuce.

Shawara ta kyauta: labarin da fari ya yi wa yawa ba labari ba ne, hoton taron dangi ne. Tanadi ja mai yawa.

Mataki na 3: Ba kowa maɓallin da ya dace da shi

Kada ki yi son kai a nan. Jarumar Auta ƙaramin farin maɓallin rigar makaranta ne, ba ƙyalli, ba ado, amma ki taka shi da takalmi ba zai fashe ba. Saurayin labarin ta ba shi wani mai walƙiya kamar zinariya, wanda in kika ƙwanƙwasa shi da farce za ki ji roba ce. Wa da ƙanen da ke rigimar ɗaki ta ba su tagwayen maɓallan wando, ɗaya ya koɗe.

Sai ta zo kan muguwar labarin, wadda ta laƙaba wa Uwar Masifa. Ta zazzage gwangwanin a kan tebur tana tona, har hannunta ya faɗa kan wani baƙi, ƙato, mai nauyi, irin na tsohuwar kwat. Ta ɗaga shi a haske. Daga bakin ƙofa muryar Gwaggo na tashi, tana gaya wa wani mai babur tarihin rashin tarbiyyarsa saboda ya tare gaban shago.

Auta ta ɗinke shi a tsakiyar labule, ta yi masa ninki biyu.

Mataki na 4: Yi sata, amma ki sauya wa kayan kamanni

Ga inda masu gaggawa ke faɗuwa. Suna ɗauko ɗan'uwa ɗungurungum su ajiye a shafi, har da tabon da ke goshinsa, sannan su yi mamakin an daina gayyatarsu ko'ina.

Ke ba haka za ki yi ba. Gwaggo gajera ce mai jiki, to Uwar Masifa doguwa ce siririya. Gwaggo mai ɗinki ce, to Uwar Masifa mai gidan haya ce. Shi ke nan, an gama. Ko uwar da ta haife ta ba za ta shaida ta ba.

Abin da ba za ki taɓa ba shi ne baki, don shi kika zo ɗauka. Bar mata tsakin da take ja kafin ta amsa ina kwana. Bar mata gilashin da take turawa goshi, sannan ta tayar da hankalin kowa wai an sace shi. Bar mata "ni dai ba ruwana". Auta ta kan zauna da kalmasa a cinya, kanta a sunkuye kamar baiwar Allah, kunnuwanta kuwa suna kwasar ganima. Duk faɗan da aka yi mata da safe, da rana ya zama jan zare. Har ta kai in yini ya wuce Gwaggo ba ta yi faɗa ba, sai ta ji kamar an hana ta kayan aiki.

Mataki na 5: Jure 'yan kallo

Za su zo. Shagon ɗinki wuri ne da mace ke kawo yadi ta tafi da labarin unguwa, kuma yanzu ke ce labarin.

"Auta, har yanzu aikin bai samu ba?"

"Ina kan aiki."

"Au, masha Allah! A ina?"

"Ga shi nan kina tsaye a gabansa."

Faɗi wannan da kai a sama. Za su kalli labule, su kalli juna, su ce Allah ya kyauta da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu. Bar su. Kowace ta tafi ta bar miki hali ɗaya da za ki ba wani maɓalli.

Matar Likita, wadda ba ta taɓa ganin abu a jikin bango ta bar shi ba, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Kai, wannan sabon yayi ne? A yi mini irinsa a bayan riga, da zaren da komai."

"Ba na sawa ba ne, Anti," in ji Auta. "Mutum biyu sun mutu a gefen hagun nan."

Matar Likita ta ja da baya, ta karɓi ɗinkinta ko gwadawa ba ta yi ba.

Sai Kawu Direba, ƙanin mahaifiyar Auta, mai kawo wa shagon bandiran yadi daga kasuwa. Shi a labarin wani maɓalli ne ruwan ƙasa mai ɓallen gefe, mutumin da ke cewa "ga ni nan yanzu-yanzu" a babi na biyu ya iso a na biyar. Ya sauke kaya, ya leƙa ya ga Gwaggo na awo, ya matso ya ɗora yatsa a kan mai walƙiyar nan.

"'Yata, tsakaninki da Allah, wannan ni ne ko?"

"Kawu, ai ka san Gwaggo ta hana."

"Na gane, na gane." Ya kashe mata ido. "Amma ki ba shi mota mai lafiya. Kuma gashin kan nan, kin gane, ki cika masa."

Rubuta wannan a zuciyarki: kowa a cikin masu ƙyalli yake neman kansa. Ɓoye danginki a cikin koɗaɗɗu, za su wuce kansu ba su waiwaya ba.

Mataki na 6: Kame bakinki yayin da hannunki ke aiki

Hanyar nan ba ta da aibi. In matsala ta zo, daga wurinki ne.

Auta tana da wata ɗabi'a: in tana naɗa zare, sai ta riƙa gwada maganar mutanenta a ƙasa-ƙasa, don ta ji ko ta zauna a baki. Wata rana da aka ɗauke wuta, kekuna suka yi tsit, fanka ta tsaya, ita kuwa ba ta lura ba. Tana jan ja daga baƙin maɓalli zuwa ɗaya daga cikin tagwayen wando, sai ta ja tsaki, ta ce da wata murya da ba tata ba, "Ni dai ba ruwana, amma in ni ce matarka da tuni na nemi inda zan kai ƙara."

Allah ya taimake ta Gwaggo ta tsallaka titi sayen allura. Amma Yaya na nan.

Yaya ta juyo a hankali a kan kujerarta. Fuskarta ta cika da irin farin cikin da ba ka gani sai a fuskar yayar da ta kama ƙanwarta.

"Sake faɗa in ji."

"Ban ce komai ba."

"Auta. Malama. Marubuciyar gidanmu." Ta tashi ta zo ta tsaya gaban labule, ta harɗe hannu. "Wannan ƙaton baƙin, tun yaushe yake da gidan haya?"

"Yaya, don girman Allah."

"Ni bakina da nauyi. Sai dai hannuna ne ke ciwo kwanan nan. Ga kayan makarantar can da aka kawo, duk suna jiran kalmasa."

Ki karɓa. Marubuciya ba ta tsoron wahala. Auta ta yi kalmasar siket har ɗan yatsanta ya yi kanta, ta yi gugar Yaya, ta ɗebo mata ruwa mai sanyi ana kiranta "'yar albarka" da ƙarfi don Gwaggo ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta dai nemo wani maɓalli mai ƙyalli a sama, tsatsa a ƙasa, ta ƙara wa jarumarta yaya.

Mataki na 7: In ta fara zagaye, rage bayani

Ba wanda ya kai rahoto. Gwaggo ce da kanta ta fara tsayawa a bayan Auta, tef a wuya, fil a baki, tana nazarin labule kamar mai neman inda ɗinki ya karkace.

Ta zare fil ɗin. "Wannan baƙin, me ya yi wa jama'a kowa ya ɗaura masa ja?"

"Mai gidan haya ce, Gwaggo."

"Au, mace ce."

"Doguwa. Siririya. Doguwa ƙwarai."

"Na tambaye ki tsawonta? Me ta yi?"

"Tana ɗan shiga abin da bai shafe ta ba."

Tari ya sarƙe Yaya, ta taka keke da ƙarfi har allura ta karye.

"Akwai irinsu," in ji Gwaggo. "Allah ya raba mu da su." Ta koma wurin yankanta.

Kada ki yi murna. Washegari ta dawo. "Tana da 'ya'ya?" Bayan nan ta dawo. "Mijinta fa, yana raye?" Rannan kuma ba ta tambayi komai ba, ta dai tsaya ta daɗe, ta ja tsaki mai tsawo, ta tura gilashi goshi, ta tafi. Auta ta dubi teburinta, da tagarta, da soket ɗinta, ta ji kamar kwalin da ke tokare da ƙafar ya fara zamewa wajen ƙofa. Ta tuna ɗakinsu, da akwatuna, da tukunyar da ba a wanke ba.

Mataki na 8: Yanke ta

E, haka na ce. Mai hankali ba ta asarar tebur saboda maɓalli ɗaya. Jira ta fita, ɗauki ƙaramin almakashi, ki cire shaidar. Labarin zai ci gaba da sauran mutane. Ai suna da yawa.

Da hantsi Gwaggo ta yafa mayafi ta ce za ta kai ɗinki. Auta ta hau kan kujera, ta zura bakin almakashi a bayan baƙin maɓalli, ta datse. Ya faɗo, ya bugi tebur, ya yi tsalle, ya gangara ta tsakanin ƙafafun kekuna ya nufi ƙofa.

Sai zaruruwan suka zubo. Duk wanda aka naɗe a wuyansa ya saki ya yi lilo, labule ya koma kamar kan da aka tsefe ba a taje ba. Sauran maɓallan suna nan daram inda aka ɗinke su, amma Auta ta tsaya a kan kujera tana bin su da ido, tana neman abin da ya rage tsakaninsu. Jaruma da saurayi a ina suka haɗu? A bakin famfo, ranar da mai gidan haya ta kulle shi. Wa da ƙane me ya sa suka koma magana? Don su haɗa kai su yi mata ƙorafi. Wa ya tona asirin mai ruwan ƙasa? Wa ya sa jaruma ta rantse sai ta zama wani abu? Ga mutane nan cike da labule, kowa na tsaye shi kaɗai kamar masu jiran mota, ba wanda ke da dalilin ce wa wani ci kanka.

"Innalillahi," in ji Yaya, kuma ba labulen take kallo ba.

Gwaggo ce a bakin ƙofa. Ta dawo neman gilashinta, wanda ke kan goshinta. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki abin da ya tsaya a jikin takalminta, ta juya shi a tafin hannu.

"Wa ya kori mai gidan haya?"

Mataki na 9: Ce zare ne ya ruɓe

Wannan shi ne umarnin, kuma yana da sauƙi. Zare ya ruɓe, Gwaggo. Ɓera ne, Gwaggo. Duk mai bin wannan koyarwa da gaskiya, abin da za ta faɗa ke nan.

A shaida cewa a nan Auta ta bar hanya ta bi son ranta. Ta sauko daga kan kujera, ta ajiye almakashi, ta tsaya wuyanta a miƙe.

"Ke ce, Gwaggo."

Keken Yaya ya yi shiru. Har mai baburin waje kamar ya kashe injinsa.

"Na sauya miki tsawo, na sauya miki sana'a, amma ke ce. Na cire ki don kada ki kore ni, sai na ga in babu ke babu littafin. Don haka zan mayar da ke. In kin ce in fita zan fita, in naɗe labulena in je ƙarƙashin bishiya in rubuta. Amma da ke a ciki."

Gwaggo ba ta ja tsaki ba, abin da ya fi komai tsoratar da su ke nan. Ta ratsa tsakanin kekuna, ta ja kujerar Auta ta zauna, ta miƙa mata maɓallin.

"Mayar da ni in gani."

Auta ta ɗinke shi inda yake. Ta fara kamo zaruruwan ɗaya bayan ɗaya tana naɗawa, Gwaggo na binta da tambaya.

"Wannan me na yi masa?"

"Kin gaya wa matarsa inda yake tsayawa in ya tashi aiki."

"Ai ya kamata ta sani. Wannan fa?"

"Kin ce girkinta kamar hukuncin kotu."

"Ƙarya na yi? Ci gaba."

"Wannan kin kulle masa famfo."

"Yana barinsa a buɗe ko?"

"Yana bari."

"To."

Yaya ta tura kanta cikin wani yadi, kafaɗunta na girgiza.

"Kuma kika ce doguwa ce ni a ciki?"

"In kina so in gyara…"

"Wa ya sa ki? Bar ni a haka. Na daɗe ina so in ga saman kabad."

Auta ta naɗa na ƙarshe ta ja baya. Labule ya koma yadda yake, baƙin maɓalli a tsakiya, ja na fita daga jikinsa ta kowace fuska. Gwaggo ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, muryar ba irin ta bakin ƙofa ba ce.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duk ja."

Auta ta sunkuyar da kai tana naɗe ragowar jan zaren.

Gwaggo ta kai hannu goshi ta sauko da gilashin, ba wanda ya nuna mata inda yake. Ta janyo akwatin zare ta zaɓi kore, ta lashi bakinsa, ta zura a allura tashi ɗaya. Ta miƙe ta kafa shi a gindin baƙin maɓalli, ta ja shi ya ratsa ta cikin jajayen har ya kai ga ƙaramin farin nan na rigar makaranta. Ba naɗawa ta yi ba irin ta Auta. Ɗinkewa ta yi, ta bi ta sake bi, irin ɗinkin da in za ka warware sai ka haɗa da yadin.

"Gwaggo, a tsarina daga wanda ya fara zare ke tashi."

"Ina da ido, wata da watanni ina kallonki. Daga wajena ya tashi. Ke riƙe naki, ba wanda ya roƙe ki." Ta ciji zaren ta tofar. "Wannan mai taurin kan kuma ba sai an gaya mini ko wace ce ba."

"Masifar dai ba zan rage ba," in ji Auta, don kada a ce ta yi laushi.

"Rage mini ki gani."

"Teburin fa?"

"Zauna ki yi abinki. Sai na ji yadda kika ƙare da ni, sannan mu yi maganar tebur." Ta juya kan Yaya. "Ke kuma mai dariya, kayan makarantar can daga yau hannunki ya warke."

Mataki na 10: Kada ki taɓa zaren da ba ke kika ɗaura ba

Za ki so ki taɓa. Auta ta zauna tana hararar koren nan yini guda, domin ya rushe mata tsari kaf. Muguwar da ke son jaruma ba ta kulle famfo haka kawai. Ba ta faɗa don faɗa. Duk wani ja da ke labulen yanzu sai an sake tambayarsa dalili, kuma aikin da ta ɗauka ta gama ya dawo sabo fil.

Ta ɗauki almakashi. Ta ajiye. Ta ja tsaki, ta tsorata da jin irin na wanda ya fito. Sannan ta janyo takarda, ta danne ta da gwiwar hannu don kada a yanke hannun riga da ita, ta rubuta layin farko na babin farko, inda wata doguwar mata ke tsaye a bakin famfo da kwaɗo a hannu, tana jiran wata yarinya ta fito ta yi mata faɗan rashin saka rigar sanyi.

Gargaɗi

Mai wannan koyarwa ba ta ɗauki alhakin komai ba. An yi miki alkawarin ba wanda zai gane kansa, kuma da an bi mataki na tara yadda aka rubuta shi, wa ya san abin da zai faru. Gwaggonki ba Gwaggon Auta ba ce. Taki tana iya ganin jan zare ta nemi ashana. In an fitar da ke da teburinki, in yayarki ta mayar da ke 'yar aiki, in kawunki ya gano ba shi ne mai walƙiya ba ya daina amsa gaisuwarki, ki nemi bishiya mai inuwa ki ci gaba da rubutunki, amma kada ki kawo ƙorafi nan. Zumuncin da ya yage ba a wurinmu ake ɗinke shi ba. Mu iyakacinmu sauya zif.